Shekara ɗaya da rabi muna bin kunne, yarinya tana jiran magana

Ni malamar firamare ce a cikin garin Jos, maigidana kuma yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada. 'Yarmu ta fari kurma ce. A 'yan watannin nan iyaye uku sun yi sallama a gidanmu a lokuta daban-daban, kowannensu riƙe da yaro da ledar takardun asibiti, suna yi mini irin tambayoyin da ni ma na yi ta yawo da su ban sami mai amsa mini ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tamu tafiyar ta kasance daki-daki, da inda muka je, da abin da muka biya, da inda muka ɓata lokaci. Kuɗaɗen da zan ambata na lokacin da muka biya ne, kuma kowa ya san yadda farashi ya yi tun daga 2023 zuwa yau.

An haife ta a ƙarshen 2020 da jinta garau. Tana da wata 16 ta riga ta fara tafiya, tana cewa Mama da Baba, kuma idan aka kira sallah a masallacin unguwarmu takan ɗaga kai ta kwaikwayi ladan. A watan Maris na 2022, lokacin da zafi ya tsananta kafin saukar damina, zazzaɓi ya kama ta, wuyanta ya sandare, ta fara jijjiga. A asibiti aka ɗebi ruwan ƙashin bayanta aka tabbatar mana cewa sanƙarau ne. Kwana 12 muka yi a kwance, ana yi mata allurai ta jijiya, ranar da aka sallame mu kuwa babu abin da ke bakinmu sai godiya ga Allah, domin a ɗakin da muka kwanta akwai uwar da ta koma gida da zanin goyo kawai. An ba mu magunguna, an ce mu dawo bayan mako biyu, amma babu wanda ya ambaci kunne. Sai daga baya na san cewa kurumta tana cikin manyan illolin da sanƙarau ke bari, kuma ya kamata a gwada jin duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo kafin a sallame shi ko cikin 'yan makonni bayan sallama, saboda ciwon yana iya sa ƙashi ya tsiro ya toshe can cikin kunne inda jijiyar ji take.

Da muka dawo gida sai da ta sake koyon tafiya, tana tangaɗi kamar mai jiri, muka ɗauka rashin ƙarfi ne, alhali sashen da ke daidaita tsayuwar mutum shi ma a cikin kunnen yake. Kalmominta suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba abin da take yi sai ihu da nuni. Na gwada ta a gida kamar yadda kowace uwa za ta yi: na buga murfin tukunya a bayanta, ta waiwayo, na yi hamdala. Wannan gwaji ya yaudare ni wata shida. Yaron da ba ya ji yana iya waiwayowa saboda ya ga inuwa, ko iska ta taɓa ƙeyarsa, ko ya ji girgizar ƙasa a tafin ƙafarsa, kuma da yake idonsa ya fara maye gurbin kunnensa, yakan riga mai ji lura da motsi. Surukata, wadda muke zaune gida ɗaya, ta ce, “Ki kwantar da hankalinki, ubanta ma sai da ya shekara uku bakinsa ya buɗe.” An kai ta wurin wanzami ya duba ƙasan harshenta, an ɗiga mata man zaitun a kunne, an karɓo rubutu ta sha. Ban raina addu'a ba, har yau muna yi, amma ɗiga mai a kunnen da ba a san abin da ke cikinsa ba kuskure ne, kuma harshenta lafiyarsa lau.

Sai a watan Fabrairun 2023 muka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani babban asibiti. Lokacin ne ake fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda sauyin fasalin naira, don haka rana ta farko ta ƙare a tsakanin layin yankar kati da neman mai POS da zai ba mu tsabar kuɗi, domin na'urar biyan kuɗin asibitin ta ƙi aiki. Kati da buɗe fayil sun ci kusan naira 3,000, ban da ladan mai POS. Muka dawo ranar da sashen ke ganin marasa lafiya, muka isa ƙarfe bakwai na safe, ba mu shiga ba sai bayan azahar. Likitan ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ya ce akwai dauɗa, ya rubuta maganin ɗigawa na mako guda sannan a zo a wanke. Na fito da murna, ina cewa ashe dauɗa ce kawai. Aka wanke, ba abin da ya canza. A zuwa na uku ne wata likita ta zauna ta saurari labarin tun daga farko, da na ambaci sanƙarau ta ajiye biro ta ce, “Malama, me ya sa ba ki faɗa tun farko ba?” Na ce ba a tambaye ni ba. Duk wanda zai je, ya tafi da takardar sallama ta tsohon ciwon, ya kuma faɗi tarihin da kansa ko da ba a tambaye shi ba: ko yaron ya yi sanƙarau, ko ƙyanda, ko hangum, ko shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko an yi masa allurai masu ƙarfi yana jariri, ko akwai kurma a dangi.

Ta rubuta mana takardar zuwa gwajin da ma'aikatan ke kira ABR, wanda ake yi wa yaran da ba su kai su ɗaga hannu su nuna sun ji ƙara ba. Na'urar asibitin ba ta aiki a lokacin, sai muka je wata cibiya mai zaman kanta, muka biya naira 40,000, aka ba mu rana bayan mako uku. An ce mu hana ta barcin safe domin dole sai tana barci ake gwajin, kuma duk da haka sai da aka ba ta maganin barci na ruwa. Aka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, aka sa mata 'yan robobi masu fitar da ƙara, kwamfuta tana zana yadda jijiyar ji ke amsawa. Ina zaune a gefe ina jin ƙarar da ke fita daga robar tana ƙaruwa har ta dame ni, ita kuwa ko gira ba ta motsa ba. Mai gwajin ya bayyana mana cewa ana auna ƙarfin sauti da desibel, hirar yau da kullum tana kusan desibel 60, 'yarmu kuwa ko a 90 babu amsa a kunnuwan biyu. Ya ce kurumta ce mai zurfi, ta jijiya, wadda magani ko wankin kunne ba ya gyarawa. Maigidana ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” bai ƙara cewa komai ba har muka sauka daga keke napep a bakin layinmu. Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai a daren shi ne tuna duk lokutan da na daka mata tsawa, har da duka, a kan ta ƙi amsa kira.

Daga nan muka shiga neman na'urar ƙara ji. Mun sayar da 'yan kunnena na zinariya, maigidana ya karɓi adashi, muka sayi guda biyu a kan naira 450,000, ana gab da cire tallafin mai. Ban da na'urar akwai robar da ake zubawa daidai da ramin kunnen yaro, wadda sai an sake ta duk lokacin da kunnen ya girma, in ba haka ba na'urar ta yi ta ƙara kamar mai yin fito. Akwai kuma ƙananan batura da ba sa wuce mako ɗaya zuwa biyu, waɗanda dole a ɓoye su domin haɗiye su yana da hatsari ƙwarai. Mun kuma je Abuja mun tambayi batun na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, aka faɗa mana kuɗi na miliyoyin naira, aka ce kuma sai an ɗauki hoton kai an ga ko ƙashi bai toshe wurin ba, sannan bayan tiyata akwai shekaru na horon magana. Muka kama hanyar Akwanga muka dawo. Ba na cewa na'ura ba ta da amfani, domin akwai yaran da ke da sauran ji waɗanda take yi wa aiki sosai, ita ma tamu tana jin ƙarar babbar mota da ganga idan ta sa. Abin da ya cuce mu shi ne shawarar da mai sayar da na'urar ya haɗa mana da ita. Ya ce, “Hajiya, kada ku kuskura ku yi mata magana da hannu, idan ta saba ba za ta taɓa buɗe baki ba.” Muka bi wannan magana wata biyar, har nakan riƙe hannayena a baya ina maimaita mata kalma a fuska.

A cikin watannin nan yarinya ta zama abin tausayi kuma abin tsoro. Takan kwanta a ƙasa tana buga kai, ta ciji ƙaninta, ta jefar da kwano, mu kuma ba mu san ko yunwa ce, ko ciwo, ko wani abu take so ba. Maƙwabta suka fara cewa “bebiyar gidan nan akwai zuciya,” kamar yadda aka saba cewa kurame suna da saurin fushi. Yanzu na san ba halitta ba ce. Duk wanda aka rufe wa baki shekara guda a tsakiyar mutanen da ke ta motsa leɓe suna dariya ba tare da shi ba, zai yi abin da ya fi haka.

Mafita ta zo ta hannun wani tela kurma da ke ɗinki a wajen Taminus, wanda na kai wa ɗinkin makaranta. Ya ga na'urar a kunnenta, ya durƙusa daidai tsayinta, ya yi mata wasu alamu yana kumbura kumatu, sai na ga 'yata ta ƙura masa ido tana dariya irin wadda na manta rabon da in ji. Ya ɗauki takardar awo ya rubuta mini da Turanci cewa akwai wata malama kurma da ke koyar da iyaye duk Asabar, ya zana mini kwatance. Na yi mako biyu ina juya takardar kafin in nuna wa maigidana, saboda a zuciyata zuwa ajin nan yana nufin na sallama ke nan cewa ba za ta yi magana ba.

Ajin yana cikin wani ɗakin karatu da aka ara, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, kuɗin wata naira 5,000, ba a neman wata takarda sai littafin rubutu. Mu tara ne, Musulmi da Kirista, kuma wanda ya san Jos ya san ba kowane zama ne ke haɗa mutanen unguwanni daban-daban a benci ɗaya ba. Malamar ta rubuta doka ɗaya a allo: ba a magana da baki. Ni da na shekara goma ina tsaye gaban ɗalibai sai ga ni ina zufa a kan lanƙwasa yatsu. Ta fara da harufan Turanci 26 da ake yi da hannu ɗaya, sannan ƙidaya, sannan alamun cikin gida. Uwa ita ce buɗaɗɗen hannu da babban yatsa a haɓa, uba kuma irin wannan hannun a goshi. Madara ana matsa hannu kamar mai tatsa. Ruwa yatsu uku ne a haɓa, siffar harafin W, saboda da shi sunan ruwa ke farawa a Turanci. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne fuska. A maganar hannu fuska tana cikin nahawu: idan tambaya ce mai neman i ko a'a sai a ɗaga gira, idan kuma ta wa ko me ko ina ce sai a haɗe girar. Mu kuwa an rene mu da cewa mace mai kamun kai ba ta yawan motsa fuska. Malama takan tsaya a gabana ta kwaikwayi fuskata a daskare har ajin ya fashe da dariya, ta rubuta mini cewa hannuna yana magana amma fuskata tana barci.

A wurinta na fahimci dalilin da ya sa alamun suke jingine da Turanci. Wani baƙar fatar Amurka kurma mai suna Andrew Foster, wanda ya yi karatu a Gallaudet, babbar makarantar kurame da ke Washington, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗewa a ƙasashen Afirka har ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Da maganar hannu ta Amurka ya koyar, ita ce ta zauna a makarantunmu ta gauraya da alamun gida ta zama wadda ake gani tafinta yana yi a gefen talabijin lokacin labarai. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, ta Ingila ma daban take da ta Amurka duk da cewa bakinsu ɗaya, har harufansu da hannu biyu suke yi. Wannan ya sa duk mai koyo ta bidiyon intanet ya lura da ta wace ƙasa yake kallo, domin ni na ɓata mako biyu ina haddace ta Ingila kafin Malama ta gano. Akwai kuma tamu ta Hausawa, wadda kuramen Kano da sauran garuruwa suka gada tun kafin zuwan makarantun boko, ba ta da alaƙa da Turanci.

Wannan ta biyun ita ce ta shigo da maigidana. Ya raka ni aji sau biyu ya daina, ya ce shi bokonsa bai yi nisa ba, harufan nan suna ɗaure masa kai, ga shi Asabar ranar kasuwa ce. Na ji haushi, domin na lura a ajinmu uba ɗaya ne kawai cikin tara, kuma na ga gidajen da uwa ta zama tafinta tsakanin uba da ɗansa har girma. Ashe a Farin Gada akwai kurame biyu masu dakon kwandunan tumatir da ya shekara yana hulɗa da su da nuni ba tare da ya ɗauki abin a matsayin harshe ba. Ya fara zama da su bayan la'asar idan kasuwa ta lafa, yana saya musu shayi suna koya masa. Ɗayansu yana da mata da 'ya'ya huɗu, duk masu ji, ya gina gidansa. Ranar da maigidana ya dawo daga sunan ɗan mutumin ya ce mini, “Malama, gani ya kori ji. Yarinyar nan za ta yi rayuwa.” Yanzu a gidanmu alamu iri biyu ne, nawa na makaranta, nasa na kasuwa, inda namiji shafa gemu ne, kuɗi kuma murza yatsu. Na ji tsoron za ta rikice, amma ba ta rikice ba, kamar yadda ɗan Jos ke tashi da Hausa da yaren gidansu da Turanci. Ta san wanda za ta yi wa kowanne.

Koyon alamu ya fi sauƙi a kan sauya al'adun gida. Na farko shi ne goyo: yaro mai ji yana bayan uwarsa yana shan hira, kurma kuwa idan aka goya shi an yanke shi daga magana, ba ya ganin fuska ba ya ganin hannu. Sai na koma zaunar da ita a gabana ina aiki. Na biyu shi ne duhu. Idan aka ɗauke wuta da dare, gidan kowa hira ta ci gaba, mu kuwa bakinmu ya mutu, ita kuma ta firgita. Muka sayi fitila mai caji da hasken rana muka rataye a inda take haska fuskokinmu, kuma ba a kashe ta sai ta yi barci. Na rage tsawon hijabin da nake sawa a cikin gida domin hannuwa su fito, lokacin sanyin Disamba kuwa, da yatsu ke ƙagewa a Jos, sai mun ɗumama hannu a kan gawayi kafin hira ta yi daɗi. Mun koyi cewa ba a jefa mata abu ko a fizge ta don a kira ta, sai a taɓa kafaɗa, ko a kaɗa hannu inda za ta gani, ko a kunna fitila a kashe. Surukata ta sha wuya da wannan, domin a tarbiyyarta yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya nuna mutum da yatsa, ba ya miƙa hagu. Na ce mata, “Hajiya, idan ta sunkuyar da kai kamar yadda kike so, to ta toshe kunnenta ke nan, idonta shi ne kunnen.” Ta yi shiru. Bayan kwana biyu na same ta tana tambayar jikar alamar goro.

Alamar farko da ta fito daga hannunta ba uwa ba ce, ba abinci ba ce, kyanwa ce. Mako na biyar da fara ajin, kyanwar maƙwabta ta hau katanga, sai ta ja zanina ta kama gefen bakinta da yatsu biyu tana jan gashin baki. Daga nan abin ya ɓalle, a wata uku ta wuce alamu ɗari, na daina ƙirgawa, buga kai a ƙasa kuma ya ragu har ya tsaya. Ranar da na san kuɗin ajin nan ya biya kansa ita ce wani dare da ta tashe ni tana kuka, ta haɗa manunan yatsunta biyu suna fuskantar juna, alamar ciwo, ta kai su daidai muƙamuƙinta na dama. Da safe likitan haƙori ya ga rami a turmin haƙorinta. A da sai mu kwana muna ba ta maganin ciki. Akwai kuma batun suna. Ni ba na kiran sunanta saboda kunyar 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyar maigidana ne. A al'adar kurame su ne ke raɗa wa mutum sunan hannu bisa wata kama tasa, Malama kuwa ta raɗa mata taɓa kumatu inda yake loɓawa idan ta yi dariya. Wannan sunan ina kiransa a gaban kowa, har a gaban Hajiya, ba wanda ya ce na yi rashin kunya.

Da ta kai shekara huɗu muka shiga neman makaranta. Mun ziyarci Makarantar Kurame ta Jihar Filato da ke Bassa, inda na fara ganin yara da yawa a fili ɗaya suna gardama da tsokana da hannu, wurin shiru amma cike da hira. Can muke da niyyar kai ta idan ta ƙara girma. A yanzu tana wata ƙaramar makaranta ta jeka-ka-dawo mai aji na kurame. An nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, hotuna huɗu, da sakamakon gwajin ji, wanda ya kamata a yi masa kwafi da yawa a adana na asalin, domin duk inda aka je sai an tambaya. Kafin mu zaɓa mun duba wata makarantar da ta ce tana karɓar kowane irin yaro, muka tarar kurma ɗaya a bayan aji yana kwafar allo ba tare da malamin ya iya alama ko ɗaya ba. Tambayar da ya kamata iyaye su yi ita ce: wa zai koyar da shi, kuma a nuna mini yana magana da yaran yanzu. Jami'ar Jos tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kuma kwalejin tarayya a Oyo da ke horar da irin waɗannan malamai, don haka ana samunsu idan makaranta ta so ɗauka. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi da kula da lafiya, amma a asibitocin da muka bi ban taɓa tarar da tafinta ba, ni ce tafintar.

Idan na duba baya, asarar da ta fi kuɗin na'ura ita ce ta watanni 19 da yarinya ta yi ba ta da harshe ko ɗaya, a shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗaukar harshe. A ƙasashen da ake gwada jin jarirai, ƙa'idar ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Mu ba mu da wannan tsari a yawancin asibitoci, amma fara alamu ba ya buƙatar takardar likita. Ranar da uwa ta fara zargi, ranar ya kamata hannu ya fara aiki, ana neman gwaji ana neman na'ura a lokaci guda, domin idan ta tabbata yaron yana ji ba a yi asarar komai ba. Maganar cewa alama tana hana buɗe baki ban ga gaskiyarta ba: 'yata sai bayan ta san alamar uba ta dawo da cewa “Baba” da murya, domin yanzu ta san abin da motsin leɓen yake nufi. Kuma a nemi kurame manya a koya a wurinsu, kada a tsaya ga littafi ko waya. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba, shi ya sa suke ɗaukar abin kamar mutuwa. Ƙungiyar kurame ta ƙasa tana da reshe a jihohi, kuma duk ranar 23 ga Satumba, ranar maganar hannu ta duniya, sukan yi taro inda ake haɗuwa da malamai da tafintoci. Sannan kada a bar koyon ga uwa kaɗai. Ƙaninta mai shekara uku yanzu ya fi ni saurin hannu, kuma mun sa doka cewa idan ana cin abinci, duk wanda ya ba da labarin da aka yi dariya sai ya maimaita mata.

Har yanzu ban ƙware ba. Hannuna yana bin tsarin jimlar Turanci, nata kuwa yana bin na kurame, takan gyara mini tana girgiza kai. Abin da ya rage mana a gaba shi ne karatun addini. Ta iya alwala da tsayuwa da sujada ta hanyar kallo, amma ranar da ta tambaye ni wa muke yi wa sujada, alamuna suka ƙare, kuma harufan da na koya ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle na Larabci. Islamiyyun da ke kusa da mu babu mai malamin da ya iya maganar hannu. Mu iyaye huɗu mun haɗa kuɗi za mu riƙa biyan wani saurayi kurma da ya yi karatu a makarantar Tudun Maliki ta Kano, ya amince zai riƙa zuwa Asabar da Lahadi bayan la'asar. Limamin unguwarmu ya ba mu aron wani ɗaki a jikin masallaci, sai dai tagarsa ɗaya ce kuma ƙarama, don haka maigidana ya yi magana da magini zai zo ranar Alhamis ya fasa ta biyu.